Ta shiga ko ba ta shiga ba? Iyakar abin da kyamara ke iya gani a filin ƙwallo

A daren lahadi 21 ga watan Afrilun 2024, Real Madrid ta karɓi baƙuncin Barcelona a filin Bernabeu, gidajen kallon ƙwallo na Matameye kuwa suka cika kamar yadda suka saba duk ranar da waɗannan ƙungiyoyi biyu za su kara. Ana kunnen doki 1 da 1, wajen minti na 28, Lamine Yamal ya taɓa wata ƙwallo da aka bugo daga kwana, mai tsaron ragar Madrid Andriy Lunin ya kaɗe ta a daidai kan layi. Aka tsayar da wasa, alƙalan bidiyo suka juya hoton ta nan, suka juya ta can, suka kasa tabbatar da cewa ta shiga. Ba a ba da cin ba. Madrid ta yi nasara da ci 3 da 2, gardamar kuma ta bi ƴan kallo har fada, aka sha shayi da ita na kwanaki.

Irin wannan gardama ba sai a Sifen ba. Lokacin gasar babban hutu, sa'ad da unguwannin Matameye da ƙauyukan gundumar Kance ke karawa a filayen rairayi, da wuya a ƙare ba tare da an yi musu a kan wata ƙwallo ba. Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne salula. Kafin alƙali ya bar fili, bidiyon abin da ya faru ya zagaya WhatsApp, kowane ɓangare kuma yana ganin gaskiyarsa a cikin hoto guda. Wani lokaci abin ya tsaya a fatar baki, wani lokaci ya kai ga ƙaurace wa gasa, ko jifar alƙali, ko gaba tsakanin unguwanni biyu da ke auratayya. Maganar da aka fi ji ita ce, da akwai kyamara irin ta Turai da kowa ya huta.

Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta cika ba. Kyamara ma'auni ce, kamar tiyar hatsi ko sikelin mai shago, kuma kowane ma'auni yana da inda ya tsaya. Gwargwadon saurin abin da ake aunawa, gwargwadon kusantar wannan iyaka.

Tsakanin hoto da hoto

Bidiyo jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Gardamar farko da aka raba da wannan dabara a kan doki aka yi ta. Wani attajiri mai son dawaki, Leland Stanford, tsohon gwamnan Kaliforniya a Amurka, ya so ya san ko doki a tsakiyar sukuwa yana ɗaga ƙafafunsa huɗu daga ƙasa a lokaci guda. Mahaya a Damagaram ma sa iya yin musu a kan haka har magariba, domin ido ba ya kama abin. A watan Yunin 1878 mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa a Palo Alto, ya ja zare a gaban kowacce, dokin na wucewa yana taɓa zaren, kyamarar na ɗauka. Hotunan suka nuna lalle doki na tashi sama gaba ɗaya, amma a lokacin da ƙafafunsa ke naɗe ƙarƙashin cikinsa, saɓanin yadda masu zane suka daɗe suna zana shi a miƙe.

A Faransa, likita Etienne-Jules Marey ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga a 1882, wadda ke ɗaukar hoto 12 a sakan guda, ya riƙa harbin tsuntsaye da ita suna tashi. Daga baya ya sa wa mutum baƙaƙen kaya daga kai har ƙafa, ya liƙa fararen layuka da ɗigo-ɗigo a gaɓoɓinsa, ya sa shi gudu a gaban baƙin bango. Mutumin ya ɓace a hoton, layukan da ɗigon kaɗai suka rage. Duk na'urorin da ke bin motsin ƴan wasa da kayan wasa a yau, jikokin wannan dabara ne.

Abin da Muybridge da Marey suka sani, wanda mai salula a bakin fili ke mantawa, shi ne tsakanin hoto da hoto kyamara makauniya ce. Lissafin ba shi da wuya. Ƙwallon da ƙwararren ɗan wasa ya narka da ƙarfi tana iya gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a sakan. Salula, idan ba a canza mata tsari ba, hoto 30 take ɗauka a sakan. Ke nan tsakanin hoto ɗaya da mai bi masa ƙwallon ta yi tafiyar santimeta 93. Faɗin ƙwallon kanta bai wuce santimeta 22 ba. Sai a jera ƙwallo huɗu a cikin wannan rata da babu wanda ya gani. Ƙwallo na iya dukan ƙarfen sama, ta dira bayan layi, ta taso, alhali a bidiyon akwai hoto kafin ta dira da hoto bayan ta taso, babu na lokacin dirar. Kyamarar talabijin mai hoto 50 a sakan tana rage ratar zuwa santimeta 56. Mai hoto 500 tana mayar da ita ƙasa da santimeta 6.

Ko hoton da aka samu ma yana da tasa matsalar. Kyamara sai ta buɗe ido na ɗan lokaci haske ya shiga kafin hoto ya fito, abin da ake ɗauka kuma ba ya tsayawa jiranta. Shi ya sa fukafukan fanka ko wayoyin ƙafar kabu-kabu ke fitowa kamar hayaƙi a hoto. Wasannin unguwa da la'asar sakaliya ake yin su, sau da yawa sai rana ta kusa faɗuwa ake tashi. Da haske ya ragu salula ke ƙara tsawon buɗe idonta da kanta. Idan ta buɗe na kashi ɗaya cikin 50 na sakan, ƙwallon nan mai gudun kilomita 100 za ta fito kamar wutsiya mai tsawon rabin mita, kowa kuma sai ya zaɓi inda yake so a jikin wutsiyar ya ce nan take. Idan aka taƙaita buɗewar zuwa kashi ɗaya cikin 1000, wutsiyar ba za ta kai santimeta 3 ba, amma hakan na bukatar haske mai ƙarfi ƙwarai. Manyan fitilun filayen Turai ba don idon ƴan kallo kaɗai aka kafa su ba.

Ido ɗaya ba ya auna nisa

A miƙa hannu, a ɗaga babban yatsa a saitin wani icce, a rufe idon dama, sannan a buɗe shi a rufe na hagu. Yatsan zai yi tsalle daga gefen iccen zuwa wancan gefen alhali bai motsa ba. Kyamara guda ido ɗaya ce, abin da take nunawa ya danganta da inda aka tsaya da ita. Ga shi kuma ƙwallo dunƙulalliya ce: gindinta na iya taɓa ƙasa a wajen layi, cikinta kuma yana rataye a saman layin. Doka ta ce sai ƙwallo ta ƙetare layi dukkanta kafin a ce ta fita ko ta shiga.

Duniya ta ga haka a ranar 1 ga Disamban 2022 a gasar cin kofin duniya ta Katar. Kaoru Mitoma na Japan ya janyo wata ƙwallo daga layin ƙarshe, Ao Tanaka ya tura ta raga, Japan ta doke Sifen 2 da 1, abin da ya yi waje da Jamus duk da ta ci Kosta Rika 4 da 2. A hotunan farko da talabijin ya nuna, ana ganin ciyawa ƙarara tsakanin ƙwallon da farin layi, kowa ya rantse ta fita. Hoton kyamarar da ke daidai saitin layin, wanda FIFA ta fitar daga baya, ya nuna gefen ƙwallon yana kan layin da ɗan ƙiris. Duka hotunan na gaskiya ne, wurin tsayuwa ne ya bambanta.

Maganin ido ɗaya shi ne idanu da yawa. A ɗauka mutum biyu sun tsaya, ɗaya a gabashin fili ɗaya a kudu, kowanne ya nuna shaho guda a sama da doguwar sanda. Inda saitin sandunan biyu ya haɗu, nan shahon yake. Haka kwamfuta ke yi da hotunan kyamarori: ta nemo ƙwallon a kowane hoto, ta ja layi daga kowace kyamara, ta lissafa mahaɗarsu. Wannan lissafi yana tsayawa ne idan an san ainihin wurin da kowace kyamara take da inda ta fuskanta, shi ya sa ake auna fili da turakun raga kafin wasa. Kyamarar da ke maƙale a rufin fili, nesa da raga, idan ta goce kaɗan, kuskuren da zai isa ƙasa ya ninka. Sannan hoton kansa ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Kyamara mai ɗigo 1920 a faɗi, idan aka sa ta ɗauki faɗin fili duka, mita 68, kowane ɗigo guda yana wakiltar santimeta 3 da rabi. Abin da bai kai haka ba ƙiyasi ne.

Hukumomin ƙwallo sun daɗe suna jan ƙafa kafin su yarda da na'ura. Abin da ya karya musu gwiwa ya faru a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu ranar 27 ga Yunin 2010, lokacin da ƙwallon Frank Lampard ta daki ƙarfen sama ta dira cikin ragar Jamus da tazarar da kowa ya gani a talabijin, ban da alƙali da mai tutarsa. Ingila ta sha kashi 4 da 1. Ranar 5 ga Yulin 2012 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince da na'urar tantance layin raga. A kofin duniya na Brazil a 2014 an kafa kyamarori 14 a kowane fili, bakwai a kan kowace raga, waɗanda ke aika saƙo ga agogon hannun alƙali cikin sakan guda idan ƙwallo ta shiga. Faransa ce ta fara cin moriyarta a karawarta da Honduras ranar 15 ga Yuni, bayan bugun Karim Benzema ya daki turke ya taɓa mai tsaron raga ya ƙetare layi. Gasar Sifen ba ta sayi wannan na'ura ba, dalilin da ya sa a daren Yamal da Lunin babu abin dubawa sai hotunan talabijin.

Ma'aunin da ake auna ma'auni da shi

Wane ne ke tabbatar da cewa na'urar ba ta yi ƙarya ba? A jami'o'i da ɗakunan bincike na wasanni akwai wani tsari da ya fi na fili tsauri. Ana kewaye ɗaki da kyamarori goma, ashirin ko fiye, irin waɗanda kamfanin Vicon na Ingila ko Qualisys na Suwidin ke ƙerawa. Kowace tana fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, irin wanda abin canza tashar talabijin ke aikawa. A jikin ɗan wasa, ko takalminsa, ko raket ɗin tanis, ana liƙa ƴan dunƙulallun abubuwa girman gujiya, masu ƙyalli irin na rigar ƴan sandan hanya da dare. Kyamarorin ba sa ganin komai sai waɗannan ɗigo masu haske, kamar dai mutumin Marey. Idan abin a tsaye yake ko yana tafiya a hankali, kuma an saita ɗakin da kyau, kuskuren ba ya kai milimeta ɗaya.

Da sauri ya shigo, lamarin sai ya canza. Kan raket da ke gudun kilomita 150 a awa yana tafiyar santimeta 21 tsakanin hoto da hoto ko a kyamara mai ɗaukar 200 a sakan. Haɗuwar ƙwallon tanis da zaren raket ba ta wuce kashi 4 ko 5 cikin 1000 na sakan, don haka lokacin da aka fi son gani, lokacin dukan, yana iya faɗawa cikin ratar da babu hoto. Ɗigon mai ƙyalli yakan koma wutsiya, kwamfuta ta rasa tsakiyarsa. Hannu ko jiki yakan kare shi. Yakan fizge ya tashi saboda ƙarfin duka. Idan biyu suka matso kusa da juna kwamfuta takan rikita su. Raket ɗin kansa yana lanƙwasawa a lokacin bugu, alhali lissafin ya ɗauka sandararre ne. A kan ƙwallo kuwa ba a cika son liƙa komai ba, domin abin da aka liƙa zai canza yadda take yanka iska.

Akwai kuma wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Kyamara wuri take aunawa, gudu kuwa lissafa shi ake yi daga bambancin wuri tsakanin hotuna biyu. A kyamara mai hoto 500 a sakan, kuskuren milimeta ɗaya tak a wuri yana zama kuskuren kusan kilomita 2 a awa a lissafin gudu. Don rage wannan rawar lambobi, masu bincike suna sa kwamfuta ta daidaita su, ta share tudu da kwari. Amma dukan ƙwallo shi kansa tudu ne na gaske, shara mai yawa kuma tana tafiya da shi. Duk lambar gudun bugu da aka gani a allon talabijin ta bi ta irin wannan tankaɗe.

Irin waɗannan kyamarori ne wani mai bincike a jami'ar Bath ta Ingila, Pooya Soltani, ya yi amfani da su a 2022 don gwada idon masu duba bidiyo. Ya ɗauki ɗan wasa yana karɓar ƙwallo daga abokinsa, da kyamarar bidiyo daga wurare daban-daban da kuma kyamarorin bin motsi, sannan ya nemi mutane su nuna ainihin lokacin da aka buga ƙwallon. A matsakaici sun makara da kashi 132 cikin 1000 na sakan. A kunne ƙanƙanin abu ne. Ɗan wasan gaba mai gudun mita 8 a sakan ya riga ya yi tafiyar mita guda a cikinsa.

Satar gida

A nan ne matsalar satar gida, wadda ƴan ƙwallon Nijar ke kira orje, ta fi ta layin raga wuya. Layin raga ba ya motsi, tambaya ɗaya ce: ina ƙwallon take? A satar gida tambayoyi biyu ne, ina ƴan wasan suke, kuma a wane lokaci. Ƙafa da ƙwallo suna haɗuwa na kimanin kashi ɗaya cikin 100 na sakan, ratar hotunan talabijin kuwa kashi biyu ce cikin 100. Alƙalin VAR yakan tarar a hoto ɗaya ƙafar ba ta kai ga ƙwallon ba, a na gaba ƙwallon ta riga ta tashi, dole ya zaɓi ɗaya. Tsakanin biyun ɗan wasan gaba ya matsa santimeta 16, idan mai tsaron baya yana fitowa a guje kuma ratar ta ƙaru. Duk da haka an sha soke ci a kan bakin takalmi ko gefen kafaɗa, da layukan da aka ja kamar an auna da ma'aunin zinariya. Ƴan kallon da ke tsaki a irin wannan lokaci ba jahilci ke damun su ba.

A Katar FIFA ta nemi toshe wannan kafa ta hanyoyi biyu. Ta kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a sakan. Sannan a tsakiyar ƙwallon gasar, Al Rihla ta kamfanin Adidas, aka rataye wata ƴar na'ura mai jin motsi da ke aika bayani sau 500 a sakan, wadda sai an yi mata caji kafin wasa kamar salula. Ita ke faɗin lokacin bugu, kyamarori su faɗi wuri. Tun minti na 3 na wasan buɗe gasar aka soke wa Enner Valencia na Ekwado ci da ita. Ita ce kuma ta raba gardama ranar 28 ga Nuwamba, lokacin da Cristiano Ronaldo ya yi murnar cin Urugwai da ka: na'urar ba ta ji wani taɓi ba bayan ƙwallon ta bar ƙafar Bruno Fernandes, cin ya tabbata na Fernandes. Sanya na'ura a cikin ƙwallo amincewa ce a fakaice cewa kyamara ita kaɗai ba ta isa ta kama lokacin bugu ba.

Zane ne, ba hoto ba

Bayan an yanke hukunci, talabijin yakan nuna ƙwallo tsaf a kan farin layi, ko ƴan wasa kamar gumaka da bango a tsakaninsu. Mutane da yawa suna ɗauka hoto ne aka matso da shi kusa. Zane ne da kwamfuta ta yi daga lissafinta, bayan ta cike ratar da ba ta gani ba da abin da ya fi dacewa da tafiyar ƙwallon. Galibi lissafin daidai yake, ya kuma fi idon kowane alƙali nesa ba kusa ba. Abin da zanen ba ya nunawa shi ne girman shakkar da ke cikinsa.

Ranar 3 ga Janairun 2019 John Stones na Manchester City ya fitar da wata ƙwallo daga bakin raga a wasansu da Liverpool, na'ura ta ce saura kimanin milimeta 11 ta gama ƙetare layi. City ta ci 2 da 1, a ƙarshen kaka ta ɗauki kofi da maki 98, Liverpool na da 97. Kuskuren da ƙa'idar FIFA ta yarda na'urar layin raga ta yi ya kai santimeta ɗaya da rabi, wato ya fi wannan tazara, ko da yake kamfanin Hawk-Eye mai na'urar, wanda sunansa ke nufin idon shaho, yana cewa tasa ta fi ƙa'idar daidaito sosai. A tanis, inda bugun farko ke wuce kilomita 200 a awa kuma ƙwallon ke lotsewa ta zame idan ta dira, adadin da aka daɗe ana ambatawa a matsayin matsakaicin kuskuren Hawk-Eye shi ne milimeta 3,6. Matsakaici yana nufin wani bugun ƙasa da haka, wani sama. A 2008 malamai biyu na jami'ar Cardiff, Harry Collins da Robert Evans, sun ba da shawarar a riƙa nuna wa ƴan kallo iyakar kuskuren tare da zanen. Masu talabijin ba su ɗauki shawarar ba. Gasar Wimbledon ta sallami alƙalan layi a 2025 ta miƙa aikin ga na'ura, amma a Roland-Garros ta Paris, inda ake wasa a kan jar ƙasa, har gasar wannan shekarar alƙali yana sauka daga kujerarsa ya duba sawun da ƙwallo ta bari.

Wani lokacin kuma na'urar ba ta ganin komai. Ranar 17 ga Yunin 2020, a wasan farko na gasar Firimiya bayan hutun korona, mai tsaron ragar Aston Villa, Orjan Nyland, ya faɗa cikin ragarsa rungume da ƙwallon Sheffield United. Kowa ya gani a talabijin, agogon alƙali Michael Oliver bai motsa ba. Hawk-Eye ya nemi gafara, ya ce mai tsaron ragar da wani ɗan wasa da turke sun kare wa kyamarorin bakwai gani, abin da bai taɓa faruwa ba a wasanni fiye da dubu 9. An tashi babu ci, Villa kuma ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu da maki ɗaya. A Afirka abin ya fi haka muni: ranar 31 ga Mayun 2019 a Rades ta Tunisiya, a wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin nahiyar, aka soke wa Wydad ta Kasablanka ci a ragar Esperance, ƴan wasan suka nemi a duba VAR, sai aka tarar na'urar ba ta aiki. Wydad ta ƙi ci gaba da wasa, kofin ya tafi Tunis. A wannan shekarar ce aka fara amfani da VAR a gasar cin kofin Afirka, daga zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Masar, kafin a yi shi a dukkan wasanni a gasar Kamaru.

A filin rairayi

Kafofin labaran Sifen sun ce abin da gasar ƙasar ta ƙi biya don na'urar layin raga ya kai kusan Yuro miliyan 3 a shekara, wato kusan miliyar 2 na sefa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin Bernabeu da filin unguwa. Amma ko da wani attajiri zai sauke kyamarori 14 a Matameye kyauta, akwai abin da za su tarar. Layin da aka ja da toka ko da ƙafa a kan rairayi yana gogewa kafin a tafi hutun rabin lokaci. Turakun raga ba lalle su miƙe daidai ba, wasu ragogin ma babu koma a jikinsu, shi ya sa ake musu ko ƙwallo ta bi ta ciki ko ta gefe. Ga ƙura, ga hazon hunturu, ga ɗaukewar wuta. Ba a auna milimeta daga layin da shi kansa yake yawo da faɗin tafin hannu.

A kokowa lissafin ya ɗan sha bamban. Tun da aka faro gasar takobi a Tawa a 1975, gardamar da ta fi zafi ita ce ta faɗuwa tare, wa ya fara taɓa ƙasa. Jikin da ya faɗo daga tsayin mita guda yana isa ƙasa da gudun da bai wuce mita 4 da rabi a sakan ba, wato santimeta 15 tsakanin hotunan salula. Ƙato bai kai ƙwallo sauri ba, don haka bidiyo ya fi amfani a nan. Cikas ɗin shi ne na Aston Villa: gwiwar da ake son gani tana ƙarƙashin jikin abokin karawa, cikin ƙurar da suka tayar. Mai ɗauka daga gabashin filin Langa-Langa na Damagaram da mai ɗauka daga yamma za su iya komawa gida da kaye biyu mabambanta.

A dokar ƙwallo hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe, bidiyon ɗan kallo kuma ba hujja ba ce a cikin wasa. Masu shirya gasar unguwa da ke son rage rigima suna da abubuwan da ba su kai kuɗin buhun gero ba: koma a kowace raga, igiya a binne ko a daddaɗe a kan layi maimakon toka, mutum guda amintacce a saitin kowane layin raga, da fara wasa da wuri tun rana na sama. Idan har za a yarda da salula, sai a amince tun kafin gasa, a ɗaure ta a sanda daidai saitin layin, a sa ta a tsarin ɗauka a hankali, a kuma duba a cikin wayar da ta ɗauka, domin WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau. Wayoyi da dama yanzu suna iya ɗaukar hoto 120 ko 240 a sakan. A 240, ƙwallo mai gudun kilomita 100 tana tafiyar kusan santimeta 12 tsakanin hoto da hoto, rabin faɗinta ke nan. Wannan ya isa ya raba gardama irin ta Lampard. Irin ta Stones kuwa, sai dai a bar wa mai usur.